Daga Kango Zuwa Garka: Ra'ayi a Kan Ciyawar da ke Cinye Gidajenmu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shigo birnin Zariya ta Ƙofar Doka a cikin watan Agusta, ya bar babban titi ya kutsa cikin lunguna, zai tarar da abubuwa biyu da ke zaune wuri guda alhali bai kamata su haɗu ba. Na farko, gidaje ne cike maƙil da jama'a, har ana neman inda za a ƙara ɗaki. Na biyu kuwa, a tsakanin waɗannan gidaje ko a bayansu, akwai ƙananan filaye da tafasa da kyasuwa da tofa suka mamaye, wani wurin har sun kai ƙirjin babban mutum. Babu mai shiga cikinsu sai kaji da ɓeraye, sai kuma wanda ya faki ido ya zo zubar da shara.

Idan aka tambayi masu irin waɗannan wurare, amsarsu ba ta wuce cewa sun gaji ba: bara sun biya an sare, ga shi ta bana ta fi ta bara. Wannan muƙala ra'ayi ce a kan wannan gajiya. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ciyawa ba ta fin ƙarfin maigida sai ya yi sakaci da abu biyu, wato ya bar lokaci ya wuce, ya kuma bar ƙasa tsirara. Wanda ya kiyaye waɗannan biyun zai yi aiki kaɗan ya huta. Wanda ya yi watsi da su kuwa zai yi ta biyan kuɗin sara har ƙarshen rayuwarsa.

2.0 Sunan Wurin

Ya dace mai nazarin harshe ya fara da suna. Filin da ke bayan ɗakuna ba a cika kiran sa "bayan gida" kai tsaye ba, domin Bahaushe ya riga ya ɗauki wannan furuci ya sakaya wani abu dabam da shi. Kalmar da kakanninmu suka tanadar wa wurin ita ce "garka", wato ɗan fili a jikin gida da aka kewaye da danga ko shinge, ana shuka kayan miya a ciki. Idan gida ko wani sashe nasa ya rushe aka bar shi babu kowa, ya zama "kango". Idan gona ce aka bari ta huta, "saura" ce. Inda gari ya tashi kuwa, "kufai" ne, inda ake tara shara kuma "juji" ko "bola".

Abin lura a nan shi ne, yaron birni na yau ya san kango, ya san bola, amma da wuya ya san garka. Kalma ba ta ɓacewa haka kawai; takan bi abin da take nufi ne su tafi tare. Ɓacewar kalmar garka daga bakin yaranmu shaida ce ta cewa garkar kanta ta ɓace daga gidajenmu, kango da bola suka gaje ta.

3.0 Yadda Garka ta Zama Kango

Shuka a cikin birni ba baƙon abu ba ne a Zariya. Waɗanda suka gina ganuwa sun kewaye fili mai yawa fiye da wanda gidaje suka ci, domin a sami wurin noma da kiwo ko da abokan gaba sun tsare ƙofofi. Baturen nan matafiyi, Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Zariya a 1826, ya ambaci gonaki a cikin ganuwar. Har zuwa ƙuruciyarmu, da wuya ka shiga babban gida ba ka ga kabewa ta hau danga, ko zogale da rama da kuɓewa a bayan ɗakin tsohuwa ba.

Dalilai da yawa suka taru suka kawar da wannan tsari. Tsofaffin da ke kula da garka sun kwanta dama. 'Ya'yansu sun yi ilimin zamani, aiki ya fitar da su zuwa Tudun Wada da Gyallesu da Samaru, wasu Kaduna, wasu Abuja. Kayan miya sun koma abin saye a kasuwa. Sannan ga matsalar gadon da ba a raba ba: fili na mutum goma sha biyu, kowa yana da haƙƙi a ciki, amma babu wanda ya ɗauka cewa gyaransa ya rataya a wuyansa. A zamanin En'e, tsoron duba-gari yakan sa a gyara ko ba a so. A 1984 gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda daga cikinsa aka sami al'adar tsabtace muhalli ranar Asabar. Duk waɗannan tsare-tsare sun dogara ne a kan tsoro, shi ya sa da mai tsoratarwa ya juya baya sai ciyawa ta dawo.

Ni kaina ba tsira na yi ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, garkarta da ke gidanmu na gado kusa da Ƙofar Doka ta zama duhuwa cikin damina biyu kacal. Shekara da shekaru ina aika kuɗi a watan Agusta a ɗauko 'yan ƙwadago su sare. Ban farga ba sai ranar da aka kashe kumurci a bakin akurkin kaji, taku kaɗan daga inda jikokin gidan ke wasa. Da na je jaje, wata gwaggona da ta haura shekara tamanin ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, duk karatun naka ba a gaya maka ƙasa ba ta zama da yunwa ba? In ba ka ba ta abin da za ta riƙe ba, ai ita za ta nemo wa kanta." Na ce, "Gwaggo, ai kullum ana sarewa." Ta ce, "Ana sarewa bayan ta haihu." Duk abin da zan faɗa a sauran wannan muƙala sharhi ne a kan waɗannan maganganu biyu.

4.0 Abin da ke Ɓoye Cikin Duhuwa

Kafin a shiga maganar magani, ya kamata a san girman cutar, domin wasu na ɗaukar al'amarin a matsayin maganar kyan gani kawai. Masu iya magana sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Na farko, sauro. Sau da yawa akan ji ana cewa ciyawa ce ke haifar da sauro. Wannan kuskure ne da bai kamata malami ya maimaita wa ɗalibansa ba. A cikin ruwa sauro ke yin ƙwai. Laifin ciyawa shi ne tana ɓoye ramuka da fasassun tukwane da gwangwanaye da tsofaffin tayoyin da ke tara ruwa, tana kuma ba sauron da ya girma inuwa da laima ya huta da rana kafin ya shigo ɗaki da dare. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke.

Na biyu, ɓera. Duhuwar da aka mayar juji gidan ɓera ce, kuma ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera ne ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Na uku, inda ɓera ya yi yawa maciji na nan tafe, domin abincinsa ke nan. Saran maciji ba ƙaramar musiba ba ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Na huɗu, idan hunturu ya shigo ciyawar ta bushe, guntun garwashi ya isa ya tayar da gobara a unguwar da gidaje ke manne da juna. Saboda haka mai kango ba kansa kaɗai yake cuta ba, har da maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba.

5.0 Sanin Halin Ciyawa

Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. Wannan ya wadatar da kowace irin ciyawa. Sai dai ciyayin da ke damun mu iri biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne tushen wahalar banza.

Kashi na farko su ne masu rayuwar damina ɗaya, irin su tafasa da kyasuwa da ƙarangiya da kashin yawo da tuji da zaƙi-banza. Waɗannan sukan tsiro da ruwan farko, su yi fure, su zubar da iri, su mutu da kaka. Ƙarfinsu duka yana cikin irinsu. Tushe ɗaya na zaƙi-banza yana iya zubar da dubban ƙwayoyi, kuma ba duka ke tsirowa a shekara mai zuwa ba. Wasu sukan kwanta a ƙasa shekaru suna jiran ranar da za a tono su kusa da haske. A 1879 wani malamin kimiyyar tsirrai mai suna William Beal, a jihar Mishigan ta Amurka, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi domin a riƙa tono su lokaci-lokaci ana gwadawa. Da aka tono ɗaya a 2021, bayan shekara 142, wasu ƙwayoyin sun tsiro. Darasin a fili yake: duk ciyawar da aka bari ta zubar da iri bana, bashi ne aka ci wanda za a daɗe ana biya.

Kashi na biyu su ne masu rayuwa a ƙarƙashin ƙasa, wato tofa da aya-aya da kiri-kiri, wadda wasu ke kira tsarkiyar zomo. Tofa da kiri-kiri suna da jijiyoyi masu yaɗo, aya-aya kuma tana da 'ya'ya a ƙasa da suka sarƙe da juna. A nan suke ajiye abincinsu. Wanda ya sare ganyensu ya tafi ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Wanda kuma ya daddatsa jijiyar da garma ya bar ta a wurin ya taimaka mata ne, domin kowane guntu yana iya zama sabon tushe. A 1977 masanin ciyayi LeRoy Holm da abokan aikinsa sun jera ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya: aya-aya ce ta ɗaya, kiri-kiri ta biyu, tuji ta biyar, tofa ta bakwai. Ashe ba ƙananan baƙi muke saukewa a bayan ɗakunanmu ba. Amma duk da taurin kansu suna da lago guda: ba sa jure inuwa.

6.0 Hanyoyi Uku da Muka Saba Bi

Hanya ta farko ita ce saran shekara-shekara. Aibinta lokacin da ake yin ta. Ba a tunawa da adda da lauje sai ciyawa ta tsorata mutane, wato ƙarshen Agusta ko Satumba, lokacin da mafi yawanta ta riga ta yi fure ko ta ɗauki iri. Sai a sare a tara a gefe, irin ya ƙarasa nuna a cikin tarin, ya zube. An biya kuɗi an yi wa ciyawa shuka ke nan.

Hanya ta biyu ita ce cinna wuta da rani. Ban da haɗarin gobara da hayaƙin ledar da ke cikin sharar, wuta ba ta kai wa ga jijiyar tofa. Hasali ma tofa na daga cikin ciyayin da ke fara tohowa bayan an yi ƙuna, domin wutar ta kawar mata da abokan gasa.

Hanya ta uku, wadda ta fi karɓuwa a wannan zamani, ita ce feshi. A nan ma akwai buƙatar bambancewa. Akwai maganin da ke ƙone ganye kawai, irin su farakwat. Yana burge mai kallo domin kwana ɗaya ko biyu wuri ya yi ja, amma jijiya na nan da ranta. Guba ce mai tsanani wadda ba ta da makari idan mutum ya sha. Tarayyar Turai ta daina amfani da shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanya farkon 2024 a matsayin lokacin hana shi a Nijeriya. Akwai kuma wanda ke bin ganye ya gangara har jijiya, wato gilaifoset, wanda ya shigo kasuwa a 1974. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo cutar, wasu hukumomi a Turai da Amurka kuma suka saɓa mata.

Ba na cewa feshi ba shi da wurinsa. A gona mai faɗi, a hannun wanda ya karanta umarnin da ke jikin kwalba ya kuma rufe jikinsa, yana da amfani. Amma cikin gida ba gona ba ne. A nan rijiya take, a nan yara ke rarrafe, a nan kaji da awaki ke kiwo, a nan kuma ake wanke kwalbar da ta ƙare a zuba wani abu a ciki. Ko da an kauce wa duk wannan, feshi yana da aibin da sara da wuta ke da shi: yana barin ƙasa tsirara, irin da ke kwance yana jiran ruwa na gaba.

7.0 Hanyar da Nake Ganin ta Fi

Hanyar da na bi a gidanmu, bisa shawarar gwaggona da abin da na tsinta daga masana aikin gona, tana da matakai biyar.

Mataki na farko na bazara ne, watan Maris ko Afrilu, lokacin da komai ya bushe, ana ganin ƙasa. A sa takalmi mai rufi, a bubbuga wurin da doguwar sanda kafin a shiga. A kwashe leda da gwangwani da fasassun kwalabe, a cike ramuka, a ja busasshiyar ciyawa da manjagara. Kada a yi kaftu mai zurfi, domin juya ƙasa yana fito da tsohon iri sama.

Mataki na biyu, idan ruwa ya sauka kada a yi gaggawar shuka. A jira kwana goma zuwa mako biyu har ciyawa ta fito tana kamar gashin jariri, sannan a kankare ta da fartanya sama-sama da safiyar ranar da ake sa ran zafin rana. A sake jira, a sake kankarewa. Manomi ya san wannan da sunan firi da maimai. Aikin da zai ci 'yan ƙwadago yini guda a Agusta, mutum ɗaya zai gama shi kafin hantsi a watan Mayu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na uku shi ne rufe ƙasa. A nemi tsofaffin kwalaye a wajen masu shaguna, a cire ledar da ke jikinsu, a shimfiɗa su bakin wani a kan wani, a jiƙa su. A zuba ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko busasshen ganye a kai, kaurin faɗin tafin hannu. Irin da ya tsiro a ƙarƙashin wannan rufi ba ya samun haske, sai ya mutu. Rufin kuma yana riƙe laima, daga baya ya ruɓe ya zama taki.

Mataki na huɗu, wanda shi ne zuciyar al'amarin, a ba ƙasa abin da za ta riƙe. A huda rufin nan da can a shuka abubuwa masu yaɗo da faɗin ganye: kabewa, dankalin Hausa, wake mai yaɗo, ko duma. A gefe a kafa zogale, a jera rama da yakuwa da kuɓewa. Cikin 'yan makonni ganyen kabewa zai yi wa ƙasa rumfa, ya ci gaba da aikin da fartanya ta fara ba tare da an biya shi ba. Wannan dabara an jarraba ta a wuraren da suka fi namu wahala. A kudancin Jamhuriyar Benin, tun daga ƙarshen shekarun 1980, manoma tare da masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan sun yi amfani da wani nau'in karara marar ƙaiƙayi wajen danne tofa a gonakin da aka riga aka fid da rai da su. Inuwa ce ta yi aikin.

Mataki na biyar shi ne zagayen mako-mako. A ware kwata ɗaya na awa, ko da yammacin Juma'a ne, a zaga da lauje. Ƙa'idar guda ce: kada a bar wata ciyawa ta yi fure. Tofa da aya-aya za su huda rufin su fito, wannan babu makawa. A riƙa yanke su da zarar sun leƙo, domin duk tohon da suka yi daga ajiyarsu ta ƙasa suke ci, in ba a bar ganyen ya sha rana ya mayar musu ba, ajiyar za ta yi ta raguwa. Wannan yakan ɗauki damina biyu ko uku. Mai akuya ko tunkiya yana iya turke ta a sashen da bai shuka ba, sai dai ya sani dabbobi ba su cika cin ɗanyar tafasa da rai-ɗore ba.

Wajibi ne kuma a san abin da za a cire da abin da za a bari. Zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro, a tumɓuke shi duk inda aka gan shi. Amma lalo da gasaya da zaƙi-banza da ɗanyen ganyen tafasa abinci ne, da su iyayenmu suka yi miya da kwaɗo. A tsinke su a ci tun suna ƙanana, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan.

8.0 Sukar da za a Iya Yi

Mai karatu na iya cewa rufin kwali da ɓawo gayyatar gara da kunama ne, musamman a birnin da yawancin tsofaffin katangunsa na ƙasa ne. Wannan suka tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Maganinta shi ne a bar tazarar taku biyu tsakanin rufin da kowace katanga, a riƙa share wannan tazara ko a daɓe ta. Kada rufin ya wuce kaurin da aka ambata, kada a tara shi tsibi-tsibi, kada kuma a sa hannu ƙarƙashinsa ba tare da an ɗaga da sanda ba. Idan rani ya yi, a tattara abin da bai ruɓe ba a binne saboda wuta. Haɗarin bai gushe ɗungum ba, amma bai kama ƙafar na duhuwar da ba a ganin abin da ke cikinta ba.

Wani zai ce a zuba siminti a huta. Mai hali yana iya yi, amma ya tuna siminti na ƙara zafin gida da bazara, kuma ruwan da ƙasa za ta shanye zai kwarara ne zuwa lungu, ya ƙara wa maƙwabta ambaliya a lokacin marka. Ga shi kuma siminti ba ya ba da ganyen miya.

Suka ta uku ita ce ta fi wuya: "Filin ba nawa ba ne ni kaɗai, na gado ne." A ganina, magada su yi ɗayan biyu. Ko dai su raba, ko su ba wani daga cikinsu ko wani maƙwabci aron wurin ya shuka, a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta cewa aro ne, domin tsoron kada aro ya rikiɗe ya zama mallaka shi ke hana mutane bayarwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

9.0 Ina Ruwan Malamin Hausa?

Ɗalibin da ke shirin zama malami zai iya tambaya, me ya haɗa darasin Hausa da fartanya? Abubuwa biyu ne.

Na farko, yawancinku za a tura ku makarantun da filayensu ke zama daji kowace damina. Al'adar da za ku tarar ita ce a miƙa wa yaron da ya makara ko ya yi laifi lauje a ce ya je ya yi yankan ciyawa. Ina roƙon ku da ku guji wannan. Yaron da aka hora da noma zai tashi yana ganin taɓa ƙasa wulaƙanci ne, shi ne kuma gobe zai bar garkar uwarsa ta zama kango. Maimakon haka, a raba wa kowane aji ɗan fili, su rufe, su shuka, su ci abin da suka shuka. Ilimin yin haka ba nisa gare shi ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ke komawa 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana nan 'yan kilomitoci kaɗan daga Ƙofar Doka.

Na biyu, aikinku ne kai tsaye. A cikin wannan muƙala an ambaci sunayen tsirrai fiye da ashirin. Ɗalibi ya tambayi kansa guda nawa zai iya nunawa da yatsa. Ga yaran yau duk abin da ya tsiro ba a shuka shi ba "ciyawa" ne, kalma ɗaya ta haɗiye kalmomi masu yawa. Wanda bai san sunan abu ba kuwa ba zai san halinsa ba, balle ya bambance wanda ake ci da wanda ke haukatarwa. Malami na iya sa kowane yaro ya kawo tsiro uku daga gidansu, ya tambayo kakarsa sunayensu da amfaninsu da karin maganar da ke tattare da su, a rubuta a allo, a tara a littafi. Darasin ginin kalma ya samu, na insha'i ya samu, na al'ada ma ya samu, ba a sayi komai ba.

10.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan muƙala a nuna cewa ciyawar da ke mamaye filayen gidajenmu ba ƙarfi take buƙata ba, lura take buƙata. An nuna illolinta ga lafiya da zaman maƙwabtaka, an bambance mai yaɗuwa ta iri da mai yaɗuwa ta jijiya, an kuma bayyana dalilin da ya sa sara da wuta da feshi ba sa hana ta dawowa. Shawarar da aka bayar ita ce a fara da wuri, a rufe ƙasa, a shuka mai amfani, a hana marar amfani yin iri.

A gidanmu, damina ta uku ce tofa ta sallama, sai ɗan abin da ba a rasa ba a gindin katanga. Aya-aya har yanzu takan leƙo, mu kuma muna nan muna jiran ta da lauje. Kabewar farko da ta nuna gwaggo aka kai wa. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa, ta ce a kai wa maƙwabta rabi.

Tambayoyin Nazari

1. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin garka da kango da saura da kufai, tare da sanya kowace a cikin jimla.
2. Wane ra'ayi marubucin yake karewa, kuma waɗanne hujjoji ya kafa?
3. Kawo suka ɗaya da marubucin bai ambata ba, ka tattauna ta a cikin sakin layi biyu.
4. Tattaro sunayen ciyayi goma na yankinku, ka bayyana yadda aka gina guda uku daga cikin sunayen.